Kalmar *Sudden* a Ingilishi: Asali, Ma'ana da Matsalar Fassara ta Zuwa Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmar Ingilishi *sudden* da 'ya'yanta, wato *suddenly* da *suddenness* da kuma furucin *all of a sudden*. An duba hanyar da kalmar ta biyo daga Latinanci zuwa Faransanci har ta shiga Ingilishi, da ma'anonin da ta ɗauka a zamani daban-daban. An nuna cewa ma'anoni biyu ne suke cuɗe a cikinta, saurin aukuwa da rashin tsammani, kuma Hausa takan raba su a inda Ingilishi ya haɗe su. Daga bisani an dubi yadda wannan cuɗanya take zama abin jayayya a gaban alƙali, har da kotunan Arewacin Nijeriya.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin fassara da ya ci karo da *suddenly* ba ya tsayawa dogon tunani, *kwatsam* yake rubutawa ya wuce. A yawancin labarai hakan ya wadatar. Matsala tana ɓullowa ne idan kalmar ta fito a rahoton likita, ko takardar inshora, ko kundin dokokin laifuffuka, inda ake bukatar a san ko abin da ake nufi shi ne lamarin ya faru cikin ɗan lokaci, ko kuwa ya faru ba tare da an sa ran faruwarsa ba. Waɗannan abubuwa biyu sukan zo tare, amma ba dole ba ne. Faɗuwar rana a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya tana da sauri, alhali kowa ya san da zuwanta. Rubewar ginshiƙin soro kuwa takan ɗauki shekaru gara tana ci, amma mai gida bai san da ita ba sai ranar da ya gani. Turawa suna iya amfani da *sudden* a duka wuraren biyu, kuma tarihin kalmar ne yake bayyana dalili.

2.0 Asalin kalmar

Kalmar ba 'yar gida ba ce a Ingilishi. Ta shigo ne a wajejen shekarar 1300, a cikin ɗimbin kalmomin da harshen ya ara daga Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, suka mayar da harshensu na fada da shari'a. A Faransancin wancan zamani ana rubuta ta *sodain* ko *sodein*, ita ce ta zama *soudain* a Faransancin yau. Shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latinancin gama-gari, daga *subitanus*, wadda ta samo asali daga *subitaneus*, ita kuma daga *subitus*.

A nan ne tushen yake da ban sha'awa. *Subitus* sifa ce da aka ƙera daga aikatau *subire*, wanda ya ƙunshi ɗafa-goshi *sub*, mai ma'anar ƙarƙashi, da saiwar *ire*, mai ma'anar tafiya. Ke nan ma'anar farko ita ce tafiya ta ƙarƙashi, ko tasowa daga ƙasa, daga nan ta miƙe zuwa tahowa cikin sanɗa. Abin da yake *subitus* shi ne wanda ya lallaɓo har ya iso ba a ji motsinsa ba. Babu maganar sauri a cikin wannan hoto ko kaɗan, hasali ma mai sanɗa a hankali yake tafiya. Saurin yana wajen wanda aka riska ne, domin shi bai ga tahowar ba, isowar kawai ya gani. Bahaushe yana da aikatau da ya kama wannan hoto daidai, wato *shammata*. Wanda aka shammata yakan ce abu ya faru farat ɗaya, alhali mai shammatar ya daɗe yana shiri.

Sauye-sauyen sauti da suka mayar da *subitanus* ta koma *sodain* sanannu ne a tarihin Faransanci. Baƙin *t* da ke tsakanin wasula biyu ya sami ziza ya koma *d*, wasalin *i* na gaɓa ta biyu ya faɗi saboda rashin nauyi, sannan *b* ya ɓace a gaban *d*. Da kalmar ta zauna a bakin Turawan Ingila, sai nauyin furuci ya tashi daga gaɓar ƙarshe ya koma ta farko, kamar yadda ya faru ga yawancin kalmomin aro daga Faransanci, gaɓar ƙarshe kuma ta raunana. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta *sodeyn* da *sodeynly*. A babban kundin wasannin Shakespeare da aka buga a 1623 ana yawan ganin *sodaine*. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, rubutun *sudden* ya riga ya zauna. Wani abin lura shi ne 'yan'uwanta da suka shigo ta hanya ɗaya, irin su *certain* da *mountain*, sun riƙe tsohon rubutunsu na ƙarshen kalma, ita kuwa ta sake kama har ta yi kama da *hidden* da *wooden*. Wannan kamanni yaudara ce, domin *en* da ke ƙarshen *sudden* ba ɗafa-ƙeya ba ne, kuma babu wata saiwa *sud* ko *sudd* da za a cire ta tsaya da ma'ana.

Kafin zuwan baƙuwar, Tsohon Ingilishi yana da kalmarsa ta gado, *fǣrlic*, wadda aka gina a kan suna *fǣr*, mai nufin bala'in da ya auko ba shiri, ko harin da aka kawo ba a sani ba. Sifar ta mutu bayan *sodein* ta karɓe mata aiki, amma sunan ya rayu da sabuwar ma'ana, shi ne *fear* na yau, wato tsoro. Kalmar da a da take nufin abin da ya auko wa mutum ta koma tana nufin abin da mutum yake ji a ransa. 'Yar'uwarta a Jamusanci, *Gefahr*, har yanzu haɗari take nufi.

Sauran harsunan da suka gaji Latinanci kowanne ya ja kalmar nasa ɓangaren. A Italiyanci *subito* ta koma nufin nan take, ba tare da jinkiri ba. Ita ce taron jama'a suka ɗaga a kan kyallaye a jana'izar Fafaroma John Paul na Biyu a watan Afrilun 2005, suna neman a ayyana shi waliyyi ba da ɓata lokaci ba. A 1949 kuma wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, E. L. Kaufman da wasu abokan aiki, sun koma ga *subitus* suka ƙirƙiri aikatau *subitize*, don bayyana yadda mutum yake gane adadin abubuwa uku ko huɗu da kallo ɗaya ba tare da ya ƙirga ba.

3.0 Ma'anonin da ta ɗauka

Ma'anar da ta fi daɗewa, kuma ta fi yawo har yau, ita ce ta abin da ya auku ba gargaɗi. A addu'o'in cocin Ingila da Thomas Cranmer ya tsara a 1544, waɗanda suka shiga littafin addu'a na 1549, akwai roƙon tsari daga mutuwar da aka siffanta da wannan kalma. Abin da masu addu'ar suke gudu shi ne mutuwar da ba ta ba mutum damar tuba da shiri ba, ba wai gajeruwar jinya ba. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda abin da Hausawa suke kira *mutuwar fuju'a* ke nan.

Akwai ma'ana ta biyu da ta yi tashe a ƙarni na 16 da na 17 sannan ta dusashe, kuma ita ce ta fi kayar da masu fassarar tsofaffin rubuce-rubuce. A wancan lokaci ana siffanta mutum kansa da *sudden*, a nufi mai gaggawa, mai zafin kai, wanda ba ya tsayawa shawara. A wasan *Macbeth*, kalmar tana cikin jerin munanan halayen da Malcolm ya lissafa wa azzalumin sarkin. A *As You Like It* kuma, cikin jawabin da ya kasa rayuwar ɗan'adam gida bakwai, da ita aka siffanta soja mai saurin shiga rigima. Haka nan *suddenly* takan zo da ma'anar da gaggawa, ko nan ba da jimawa ba. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda Bulus yake gargaɗin Timoti a kan ɗora wa mutum hannu don ba shi muƙamin ikilisiya, *suddenly* aka sa, alhali fassarorin zamani suna sa kalmar da ke nufin garaje. Wanda ya fassara wannan wuri da *kwatsam* ya juya ma'anar, domin gargaɗin a kan rashin bincike ne kafin naɗi, babu ruwansa da ba wa wani mamaki.

A Ingilishin yau kalmar ta fi rakiyar sunayen da ke nuna canji: tashin farashi, saukar ruwa, tsayawar mota, juyawar hanya, sauyin ra'ayi. Ba a cika siffanta abu mai zaman dindindin da ita ba. Tana da maƙwabciya, *abrupt*, wadda ta shigo daga Latinanci kai tsaye a ƙarshen ƙarni na 16, daga *ab* da *rumpere*, wato karyewa ko tsinkewa. Bambancinsu yana bin asalinsu: *abrupt* tana kallon abin da aka katse, *sudden* tana kallon abin da ya iso. Shi ya sa idan ana maganar mutum mai katse zance da gatsali *abrupt* ake cewa, ita ce ta gaji wani yanki na filin da *sudden* ta bari.

Fannoni biyu sun mayar da kalmar keɓantacciya. A likitanci akwai *sudden infant death syndrome*, sunan da aka gabatar a wani taro a 1969 don mutuwar jariri, galibi cikin barci, wadda bincike bai gano musabbabinta ba. A wasanni kuma *sudden death* na nufin matakin da wanda ya fara yin galaba shi ya ci wasa, kamar bugun fanareti bayan kowane ɓangare ya buga biyar-biyar an yi kunnen doki. Lokacin da hukumar FIFA ta gwada irin wannan tsari a ƙarin lokaci, wanda aka yi aiki da shi a gasar cin kofin duniya ta 1998 da ta 2002, *golden goal* ta kira shi, ta kauce wa ambaton mutuwa.

4.0 Matsayinta a jumla

*Sudden* sifa ce, *suddenly* bayanau, *suddenness* suna. Amma a ƙarni na 16 ita kanta *sudden* tana aiki a matsayin suna, ma'ana abin da ya taso ba shiri. Daga nan aka sami *on the sudden* da *on a sudden* da *of a sudden*, kafin *all of a sudden* ta fito a ƙarshen ƙarni na 17 ta danne sauran. Sunan ya mutu ko'ina sai a cikin wannan furuci guda, inda ya daskare. Wannan ne ya sa mai koyon Ingilishi yake mamakin ganin *a* a gaban sifa ba tare da suna ya biyo baya ba. A Amurka ana jin *all of the sudden* a baka, ko da yake masu gyaran rubutu ba sa karɓar ta.

Gurbin da *suddenly* ta zauna a jumla yana sauya aikinta, kuma a nan ne Hausa take tilasta wa mai fassara ya zaɓa. A dubi waɗannan:

(1) *Suddenly the lorry stopped.* Kwatsam sai motar ta tsaya.

(2) *The lorry stopped suddenly.* Motar ta tsaya cak.

A jumla ta (1) bayanau yana magana ne a kan labarin gaba ɗaya, yana shaida wa mai karatu cewa ga abin da ba a zata ba. A ta (2) yana bayyana yadda tsayawar ta kasance, watakila direba ya taka birki da ƙarfi. Fasinjoji suna iya sanin cewa za a tsaya a wannan tasha, duk da haka jumla ta (2) ta zama gaskiya. Akwai kuma yanayi na uku, inda bayanau yake haɗuwa da aikatau mai nuna hali:

(3) *She was suddenly tired.* Sai ta ji gajiya ta saukar mata lokaci guda.

Jumlar Ingilishi ba ta da aikatau na canji, *suddenly* ce ta cusa ma'anar shiga sabon hali. Hausa ba ta yarda da wannan gajerar hanya ba, dole sai an kawo aikatau kamar *sauka* ko *kama* ko *rufe*.

Marubucin labaran nan na Amurka, Elmore Leonard, a cikin ƙa'idojin rubutu goma da ya wallafa a jaridar *New York Times* a 2001, ya hana amfani da *suddenly* gaba ɗaya. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce kalmar tana sanar da mamaki kafin ya iso, ta haka ta kashe shi. Shawarar tana da ƙarfi a Ingilishi, amma bai kamata a kwaso ta a ɗora wa Hausa ido rufe ba. *Kwatsam* amsa-kama ce, sautinta yana cikin aikinta, kuma mai ba da labari da baka yana amfani da ita ne kamar bugun ganga.

5.0 Takwarorinta a Hausa

Hausa ba ta ari *sudden* ba, duk da yawan kalmomin da ta ara daga Ingilishi, domin gurbin a cike yake. Mafi yawan abin da ke cikinsa amsa-kama ne, kuma ana gane su da ƙarewa da baƙi, saɓanin yawancin kalmomin Hausa da ke ƙarewa da wasali: *kwatsam*, *farat*, *zumbur*, *firgigit*, *wuf*, *cak*. Sai dai kowacce da abokin tafiyarta. *Zumbur* ta miƙewa ce, *firgigit* ta farkawa ko dawowa daga tunani, *wuf* ta fizga ko wucewa, *cak* ta tsayawa ko ɗagawa. *Kwatsam* ce ta fi 'yanci, takan buɗe jumla, *sai* ta biyo ta tare da shuɗaɗɗen lokaci na biyu, ko kuma *sai ga*. Ita da *ba zato ba tsammani* suna ɓangaren rashin tsammani. *Farat ɗaya* da *lokaci guda* da *tashi ɗaya* suna ɓangaren ƙanƙantar lokaci. *Nan take* da *nan da nan* kuwa suna nuna rashin tazara tsakanin abu da abin da ya biyo shi, wato ma'anar *subito* ta Italiyanci.

Daga Larabci an sami guda biyu. *Fuju'a* ta kusan keɓanta ga mutuwa. *Bagatatan* ta fito daga *bagtatan*, wadda Alƙur'ani ya yi amfani da ita a wurare da dama wajen bayyana yadda Sa'a za ta zo wa mutane ba su ankara ba. A bakin Hausawan yau tana karkata zuwa ma'anar yin abu ba tsari ba shiri, kamar a ce "ba a shiga kasuwanci bagatatan". Tafiyar da ta yi ke nan irin wadda *sudden* ta yi a zamanin Shakespeare, daga abin da ya auko wa mutum zuwa garajen mutumin kansa.

Inda Hausa take da ƙaranci shi ne wajen sifa. Babu kalma guda da za a ɗora wa kowane suna yadda ake ɗora *sudden*. Ana bi ta hanyar mallaka ne: *ziyarar ba-zata*, *harin ba-zata*, *mutuwar farat ɗaya*, *ruwan ba-zata*. Da zarar mai fassara ya zaɓi ɗaya, ya yanke hukuncin da jumlar Ingilishi ta bari a buɗe.

6.0 Kalmar a gaban alƙali

A shekarun 1970 kamfanonin inshora na Amurka sun sanya wani sharaɗi a takardunsu, cewa ba za su biya diyyar gurɓata muhalli ba sai idan malalar gubar ta kasance *sudden* kuma bisa haɗari. Da aka fara gano masana'antun da tankunansu suka shekara suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sai rigima ta tashi. Kamfanonin inshora suka ce kalmar tana nufin fashewa ta lokaci guda, don haka yoyon shekaru ba ya ciki. Masu masana'antu suka ce tana nufin abin da ba a zata ba, kuma su ba su san da yoyon ba. Kowane ɓangare ya zo da ƙamus a hannu, kowane kuma ya sami abin da yake nema a ciki. Manyan kotunan jihohi suka rabu biyu, har kamfanonin suka sauya sharaɗin a tsakiyar shekarun 1980. Da a ce da Hausa aka rubuta takardar, da tun farko an tilasta wa marubucinta ya zaɓa tsakanin *farat ɗaya* da *ba zato*.

A shari'ar kisan kai abin ya fi haka nauyi. A Ingila, tun daga shari'ar Duffy ta 1949, wanda ya ce tsokana ce ta sa shi kisa dole ya nuna cewa ya fita hayyacinsa ne ta hanyar da ta kasance *sudden* kuma ta ɗan lokaci. An yi ta sukar wannan sharaɗi da cewa yana taimakon mai fushin nan take, yana kuma barin matar da ta shekara tana shan duka, wadda fushinta ya daɗe yana ci a hankali. Shari'ar Kiranjit Ahluwalia, wadda ta je kotun ɗaukaka ƙara a 1992, tana cikin waɗanda suka fito da matsalar fili. A 2009 majalisar dokokin Birtaniya ta soke kariyar tsokana a Ingila da Wales, ta kawo wata a madadinta, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba sharaɗi ba ne fita hayyacin ya kasance *sudden*.

Kalmar tana nan daram a kundin laifuffuka na Arewacin Nijeriya da ya fara aiki a 1960, wanda aka tsara bisa na Sudan, shi kuma bisa na Indiya na 1860. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga mai kisan kai da gangan. Sashe na 222 ya kawo togaciya, ciki har da wanda ya yi kisa a lokacin da tsokana mai tsanani kuma *sudden* ta raba shi da ikon mallakar kansa, da wanda ya yi kisa ba da shiri ba a cikin faɗan da ya kasance *sudden*. Wasu jihohi sun sake fasalin kundin nasu, lambobin sassa sun sauya, amma inda ake aiki da wannan tanadi, tsakanin rataya da ɗauri yana iya rataya a kan wannan sifa. Abin lura shi ne a dokar Ingila ta da, fita hayyaci aka siffanta da kalmar, a nan kuwa tsokanar aka siffanta.

Harshen manyan kotuna Ingilishi ne, wanda ake tuhuma da shaidu kuwa sau da yawa da Hausa suke magana, tafinta ne a tsakani. Idan lauya ya tambaya ko faɗan ya kasance *sudden*, tafinta yana iya cewa "Faɗan ba-zata ne?" ko ya ce "Nan take faɗan ya kaure?" Mutane biyu da suka daɗe suna gaba a kan iyakar gona, kowa a ƙauye yana jiran ranar da za su haɗu, shaida mai gaskiya zai amsa tambaya ta farko da a'a, domin an zata. Tambaya ta biyu kuwa zai amsa ta da i, domin daga cacar baki zuwa sara bai kai minti biyu ba. Abin da zai shiga kundin shari'a da Ingilishi amsa ɗaya ce tak, kuma alƙalin ɗaukaka ƙara da zai karanta kundin bayan shekaru ba zai ga wace tambaya aka yi wa shaidan da Hausa ba.